Akwatunan bitcoin da aka bari a fili: abin da lissafi ya ce kafin a ci bashi

Wata Juma'a bayan la'asar ɗan ƙanwata ya same ni a gida, nan Hindawiyya a Makka. Ya sha shayi, ya tambayi lafiyar kowa, ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya fito da abin da ke tafe da shi. Rancen riyal 8,000 yake so. Zai sauka Jidda ya sayo katin girafik, irin wanda masu wasan kwamfuta ke ƙwallafa rai a kai. Na ce yanzu wasa har ya kai a ci masa bashi?

"Ba wasa ba ne, Kawu," in ji shi. "Wani asusun bitcoin ne a intanet. Mai shi ya bar wa duk wanda ya gano mabuɗin, ya yafe. Bitcoin 7.1 ne a ciki, ga shi ka gani da idonka."

Ya miƙo mini waya. Na ga adireshin, na ga kuɗin kwance, kowa a duniya yana iya leƙa su. Ni sana'ata riƙe wa 'yan kasuwa littafin shiga da fita, saboda haka na ce ya ba ni mako guda in buga lissafi. Abin da na tarar ne ya sa na ɗauki alƙalami, don na san ba shi kaɗai ba ne. Daga Sharar Mansur zuwa Misfala, zuwa unguwannin 'yan'uwanmu a Jidda da Madina, akwai samari masu kaifin kai da ƙarancin abin hannu, kuma irin wannan labari su yake fara kamawa.

Ba ƙarya aka yi wa yaron ba. Da damfara ce tsagwaronta, da jimla ɗaya ta ishe ni. Kuɗin suna nan, an sha buɗe irin waɗannan akwatuna, an kuma sha kwashewa.

Bitcoin ba shi da manajan da zai dubi fuskarka ko igamarka, wato takardar zamanka. Shaidar cewa kai ne mai kuɗi lamba ce guda ɗaya, ana ce mata mabuɗin sirri. Ana zaɓo ta daga tarin lambobin da yawansu ya kai 2 a ninka ta da kanta sau 256, adadin da in aka rubuta shi zai ci gurbi 78. Daga wannan lamba ake lissafo ta biyu, mabuɗin fili, ta wata hanyar lissafi mai suna secp256k1. Shi kuma mabuɗin fili sai a zuba shi a injinan niƙa guda biyu, SHA-256 da RIPEMD-160, su fitar da adireshin da mutane ke turo maka kuɗi. Kowane mataki gaba yake yi. Gero yana zama gari cikin minti ɗaya, amma ba a taɓa mayar da gari gero ba. Wanda adireshi kaɗai ke hannunsa ba shi da wata dabara illa ya ɗauki lamba, ya niƙa, ya duba ko garin ya yi daidai, in bai yi ba ya ɗauki ta gaba. A lura ƙofa biyu ce tsakanin adireshi da mabuɗin sirri, domin a kan ƙofar nan ta tsakiya, wato mabuɗin fili, aka yi wa wani bawan Allah ƙwacen da zan zo kansa.

A watan Janairun 2015 wani mutum da bai bayyana kansa ba ya raba bitcoin 32.896 a adireshi 256 cikin turawa ɗaya. Na farko ya sa masa 0.001, na biyu 0.002, haka har ƙarshe. Masu bin diddigin kundin bitcoin suka gano cewa da gangan aka raunana mabuɗan. Mabuɗin akwati na 1 shi ne lamba 1. Na 2 yana tsakanin 2 da 3, na 3 tsakanin 4 da 7, na 4 tsakanin 8 da 15. Filin neman kowane akwati ninki biyu ne na wanda ya gabace shi. Na farko-farkon ba su daɗe ba aka share su.

A 2017 mai abin ya yi magana a wani gajeren saƙo da sunan aro. Ya ce babu wani ɓoyayyen tsari a cikin lambobin, abin da ya kafa ma'auni ne na gwada ƙarfin masu fasa mabuɗi. A shekarar ya kwashe kuɗin akwatuna 161 zuwa 256 ya zuba a na ƙasa, tunda injin niƙa na biyu iyakar tsawon abin da yake fitarwa 160 ne, wuce nan ba ya ƙara wa mai nema wahala. Lada ya ninku sau goma. A watan Afrilun 2023 ya sake ninkawa sau goma, jimillar ta doshi bitcoin 1,000. Shi ya sa yanzu in ka raba lambar akwati da goma ka san abin da ke ciki: na 66 an sa masa 6.6, na 71 yana da 7.1, na 160 yana da 16.

Maganar nan tasa ta 2017 ita ce samarinmu ba sa so su ji. Ana kiran abin wasan ƙwaƙwalwa, sunan kuwa yana yaudara, don yana sa mai basira ya ɗauka basirarsa za ta yi masa rana. Akwai gasa irin waccan, ta gaske. A 2015 wata mai zane, Marguerite deCourcelle, ta ɓoye mabuɗin bitcoin 4.87 a cikin hoton da ta zana, a harsunan wutar da suka kewaye gefensa, kuma sai a farkon 2018 wani ya warware. Wannan kacici-kacici ne, ɗan Adam ne ya ƙulla shi, kuma duk abin da ɗan Adam ya ƙulla yana barin sawu. Ilimin bin wannan sawu ma gadonmu ne. Al-Kindi, masanin Bagadaza na ƙarni na 9, shi ya rubuta bayani mafi daɗewa da ya iso gare mu kan fasa rubutun sirri ta ƙirga haruffa. Ya lura alif da lam sun fi yawa a Larabci, don haka ko an sauya wa haruffa kama, alamar da ta fi maimaituwa za ta tona kanta. Da Hausa ce, harafin a ne zai fara tonuwa. To akwatunan 2015 ba su da alif ba su da lam. Na ga yara suna jera tsofaffin mabuɗan da aka gano, suna raba wannan da wancan, suna zana jadawali, wai za su hango inda na gaba zai faɗo. Shekara goma ana wannan nema a duniya, kuma duk akwati mai nauyi da aka buɗe, ƙarfin na'ura ne ya buɗe shi.

Girman filin ne ke da wuyar shiga kai, har sai da na tuna labarin da Ibn Khallikan ya kawo a ƙarni na 13, na mutumin da ya ƙago shaɗaranji, wasan daran nan mai gida 64. Sarki ya ce ya faɗi tukwicinsa. Ya ce a sa masa ƙwayar alkama ɗaya a gidan farko na allon, biyu a na biyu, huɗu a na uku, a yi ta ninkawa har gida na 64. Sarki ya raina roƙon, sai da masu lissafinsa suka gaya masa rumbunan ƙasar duka ba su isa ba. Tsarin akwatunan nan shi ne tsarin allon, gida da gida: yawan mabuɗan da za ka gwada a akwati na 20 shi ne yawan ƙwayar gida na 20. Akwati na 64, gidan ƙarshe na allon, sai a watan Satumbar 2022 aka buɗe shi. Wanda ɗan ƙanwata ke hari, na 71, ya wuce bakin allon da gida bakwai. Mabuɗai 1,180,591,620,717,411,303,424 ne a cikinsa, ɗaya ne na gaskiya.

Na zauna da wannan adadi da faturar wutar gidana. A ce katin yana gwada mabuɗi biliyan 5 a sakan ɗaya, wanda kyakkyawan zato ne ga kati mai tsada. Kafin ya share filin duka zai yi kusan shekara 7,500 yana aiki dare da rana. In rabo ya tsaya a tsakiya, shekara 3,750. Shekara guda ta aiki ba tsayawa tana ba shi damar kashi ɗaya cikin 7,500. Allura ce cikin ruwa, mai rabo ka ɗauka, sai dai wannan ruwan Bahar Maliya ne.

Kati irin RTX 4090 yana shan wat 450, wato kilowat-awa 3,942 a shekara. A farashin gidaje na halala 18 kan kowane kilowat-awa da muke biya tun 2018, riyal 710 ke nan, ban da harajin kashi 15 cikin ɗari. Ninka da 3,750, ka sami riyal miliyan 2.66. Sai na juya ɗaya shafin. Bitcoin ya fara taka dala 100,000 a watan Disambar 2024. A wannan farashi 7.1 ya kama dala 710,000, a canjin riyal 3.75 kuwa riyal miliyan 2.66. Na sake bugawa don ban yarda ba, suka sake yin kunnen doki. Kuɗin wuta kaɗai ya cinye ladan, tun ba a sa kuɗin katin ba, ba a sa mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, da zai yi ta fama da ɗakin da injin ke hura wa zafi a bazarar Makka ba, ba a sa cewa abin da gida ya sha sama da kilowat-awa 6,000 a wata farashinsa yana komawa halala 30 ba. Kuma wannan lissafin mutum ne shi kaɗai a fili. A zahiri akwai masu hayar dubban katuna a lokaci guda, kuma ranar da ɗayansu ya dace, duk abin da sauran suka ƙona ya tafi.

Wannan kunnen dokin ya nuna mini abin da mai akwatunan yake nufi da ma'auni. Duk lokacin da na'urori suka yi arha ko bitcoin ya yi tsada har lada ya fi kuɗin nema, masu jari za su shigo su buɗe akwati na gaba, duniya ta ga inda ƙarfin fasa mabuɗi ya kai. Ladan kuɗin aikin injina ne, kuma mai injin da ya fi yawa da wutar da ta fi arha shi ake biya.

Akwai wani abu da ya ɗaure wa yaron kai, ni ma ya ɗaure mini da farko: ta yaya aka buɗe akwati na 130 alhali na 71 yana rufe? Amsar tana ƙofar tsakiya. A ƙarshen watan Mayun 2019 mai akwatunan ya fitar da 'yan canji daga kowane akwati na biyar, 65, 70, 75, har 160. A tsarin bitcoin, duk wanda ya kashe kuɗi daga adireshi dole ya nuna mabuɗinsa na fili. Da haka ya buɗe wa waɗannan akwatuna ƙofa ɗaya da hannunsa. Mai riƙe da mabuɗin fili kuwa ba sai ya bi lambobi ɗaya bayan ɗaya ba, akwai dabarar da masanin lissafi John Pollard na Ingila ya wallafa a 1978, wadda ake kira dabarar kangaru. Ka ɗauka dabba biyu ne ke tsalle a fili ɗaya, ta gida wadda ka san inda ta tashi, da ta daji wadda ta tashi daga lambar da kake nema. Tsawon kowane tsalle ya danganta da inda ƙafa ta sauka. Ranar da ta daji ta taka sawun ta gida sau ɗaya, daga nan tsallensu ya zama iri ɗaya, za ta bi ta har cikin tarkon da ka haƙa. Ka san nisan da kowacce ta yi, sai ka debe wannan daga wancan, mabuɗi ya fito. Aikin da dabarar ke ci bai wuce 'yan ninki na saiwar adadin ba, wato filin da ke da lamba miliyan ɗaya tsalle dubu biyu ko uku ya ishe shi. Da ita aka buɗe na 110 da na 115 a 2020, na 120 da na 125 a 2023, sannan na 130 mai bitcoin 13 a watan Satumbar 2024. Saiwar filin na 130 kusan daidai take da filin na 66 gaba ɗayansa, kuma su biyun a wata ɗaya suka faɗi.

Faɗuwar na 66 ce ta fi tsaya mini a rai. Ranar 12 ga Satumba 2024, bayan shekara biyu duniya na haƙilo a kansa, wani ya gano mabuɗin. Bitcoin 6.6, a lokacin kusan dala 400,000, wajen riyal miliyan ɗaya da rabi. Ya yi abin da kowa zai yi, ya tura kuɗin zuwa asusunsa. Turawa a bitcoin ba ta tabbata nan take. Tana zama a zauren jira, a idon kowa, har masu haƙa, wato masu injinan da ke tabbatar da turawa, su shigar da ita kundi, abin da kan ɗauki kimanin minti goma. A cikin turawar kuma ga mabuɗin fili a rubuce. Akwai mutanen da suka girke manhajoji suna kwanton wannan lokaci dare da rana. Filin na 66 ya haura biliyan sau biliyan 36, amma saiwarsa biliyan 6 ce kacal, aikin da kati ɗaya ke gamawa kafin a sha kofin shayi. Suka saki kangaru, suka fito da mabuɗin sirri, suka rubuta sabuwar turawa zuwa nasu asusun da kuɗin dako mafi tsoka. Masu haƙa kuwa wadda ta fi biya suke ɗauka. Mafi yawan kuɗin ya bi ta can. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Waɗanda suka buɗe na 67 a Fabrairun 2025 da na 68 a Afrilu sun ɗauki darasi. Ba su bi ta zauren jira ba, sun miƙa turawarsu kai tsaye ga kamfanin haƙa, ba wanda ya gan ta sai bayan ta shiga kundi. Wanda ya dace da na 69 a ƙarshen Afrilun bai yi haka ba, manhajojin kwanto suka yi wawaso a kansa. Da na tambayi ɗan ƙanwata yadda zai fitar da kuɗin in ya dace, ya ce zai tura wa kansa ne kawai. Ko da allurar ta faɗo hannunsa, da minti goma ba su cika ba ta bar shi.

Mai ajiyar bitcoin na yau da kullum kada wannan ya tayar masa da hankali. Mabuɗin da aka zaɓa yadda ya kamata saiwar filinsa 2 ce sau 128, nesa ƙwarai da inda aka kai. Wanda ke cikin haɗari shi ne mai ƙirƙirar mabuɗi daga kalmar da zai iya tunawa, sunan garinsu ko wata aya ko baitin waƙa. Irin waɗannan tuni masu kwanto suka niƙa su suka ajiye suna jira.

Kusa da kowace gasa irin wannan akwai kasuwar 'yan damfara, kuma nan ne na fi jin tsoro ga yaranmu. Wani zai sayar maka da manhaja a Telegram wai tana rage filin nema, alhali mai abin da kansa ya ce babu tsarin da za a bi. Wata manhajar kyauta ce, aikinta na gaskiya ta kwashe kalmomin sirrin da ke kwamfutarka, ko ta aika wa mai ita mabuɗin in an dace ta nuna maka ba a samu komai ba. Akwai masu sayar da fayil ɗin tsohon asusu wai cike da bitcoin, saura kalmar buɗewa. Akwai kuma neman taro, inda ake raba fili gunduwa-gunduwa kowa ya share nasa da alkawarin raba lada. Tunanin ba laifi, amma mabuɗin wuri ɗaya zai faɗo, kuma babu alƙalin da zai tilasta wa wanda ba ka san sunansa ba ya ba ka kasonka.

Ta fuskar addini, siffar gasar ba baƙuwa ba ce. Mutum ya ce duk wanda ya yi kaza yana da kaza, wannan ita ce ji'ala a littattafan fiƙihu, kuma malamai suna kafa hujja da aya ta 72 a Suratu Yusuf, inda aka yi alkawarin kayan raƙumi guda ga wanda ya kawo ma'aunin sarki. Mai akwatunan ya ƙara kuɗi sau biyu yana ganin ana kwashewa, yardarsa a fili take. Saɓanin yana kan bitcoin ɗin kansa. Darul Ifta ta Masar a ƙarƙashin Shawki Allam ta haramta mu'amala da shi tun farkon 2018, wasu malaman kuma sun halatta da sharuɗɗa. Hukunci hurumin malamai ne. Abin da ni zan faɗa da bakina shi ne, wanda ya laɓe a zauren jira ya fizge guminsa wani, zalunci ya yi ko da tsarin na'ura ya ba shi hanya. Haka wanda ya juya irin waɗannan manhajoji kan asusun mutanen da ba su yafe wa kowa ba, ɓarawo ne.

Sai dokar ƙasar da muke zaune. A watan Agustan 2018 wani kwamitin gwamnati da ya haɗa da babban bankin Saudiyya ya yi gargaɗin cewa bitcoin da ire-irensa ba kuɗi ne da aka amince da su a Masarautar ba, kuma ba a ba kowa lasisin cinikinsu ba. Mu da yawancinmu ke zaune da igama mun san abin da ake nufi da miliyoyin riyal su faɗo asusun banki ba takardar da ke bayanin tushensu.

Da mako ya cika ya dawo, na shimfiɗa masa takardun. Bai yi musu ba, amma na ga jikinsa ya mutu, abin ya kuma taɓa ni, don sha'awar da ta kawo shi mai kyau ce. Yaron da ya kwana uku yana karanta yadda ake niƙa mabuɗi ba malalaci ba ne. Na gaya masa ba zan ba da rancen kati ba, amma in kuɗin koyon tsaron intanet ne, a shirye nake. Ana gasar fasa sirri ta basira a ƙasar nan, irin wadda ake yi a taron Black Hat na Riyad tun 2022, kuma kamfanoni suna biyan wanda ya gano musu ɓaraka a manhajarsu ya sanar da su.

Sannan na ce ya buɗe tsohuwar kwamfutarsa ya rubuta 'yar manhajar neman da hannunsa, ya gwada ta a akwatunan da aka riga aka kwashe. Na 10 ya buɗe kafin ya ɗaga yatsa. Na 20, mai mabuɗi 524,288, ya ɗan sa shi jira, da lambar ta fito kuma ya duba ta yi daidai da adireshin, sai da ya miƙe tsaye. Na 25 ya kai mu har kiran magariba. Ya ɗauki biro ya lissafa wa kansa na 30 da na 40, ya yi shiru yana kallon takardar.

A hanyar masallaci ya ce, "Kawu, tunda waɗannan tsofaffin duk an kashe kuɗinsu, ai mabuɗansu na fili suna cikin kundi ko?" Na ce suna nan. Ya ce to gobe zai rubuta ta kangarun, ya ga ko na 40 zai faɗi kafin isha'i.